Yadda zamu kare masu tafiya a ƙasa a layukan unguwa, musamman yara da tsofaffi

Duk wanda ke zaune a unguwannin Kano ya san wannan abin, shekara da shekaru ana roƙon gwamnati ta zo ta yi wa layi kwalta, ranar da aka gama kowa na murna ana ta addu'a, toh daga ranar kuma sai wata sabuwar damuwa ta shigo. Layin da a da ramuka ke tilasta wa kowa ya bi a hankali yanzu ya zama sumul, masu adaidaita sun gano in suka biyo ta nan sun kauce wa cunkoson babban titi da 'yan KAROTA masu kula da zirga zirgar ababen hawa, yaro ɗan shekara 14 ya ɗauko babur ɗin yayansa yana gwada hannu, su kuma ƙananan yaran da suka saba buga ƙwallo da langa a ƙofar gida ba wanda ya zaunar da su ya ce musu layin nan fa ya canza. Daga Dorayi zuwa Sheka, daga Kurna zuwa Hotoro, labarin ɗaya ne.

In aka buge yaro abin da muka fi yi shi ne a ce tsautsayi ne, a yi sulhu, a yi wa uwarsa faɗa don me ta bar shi ya fita, shikenan sai kuma na gaba. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Yaro yaro ne, duk dukan da zaka yi masa wata rana sai ya bi ƙwallo da gudu ya faɗa titi. Abin da ke hannunmu shi ne mu gyara layin yadda ko ya yi wannan kuskuren bazai zama ajalinsa ba, kuma hakan abu biyu yake buƙata: a rage gudun abin hawa, a sama wa mai tafiya a ƙasa inda zai taka. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke.

Kafin mu shiga, bara na ba ka ɗan lissafi da zaka riƙe, don zai yi maka amfani ranar da wani zai ce maka ai shi ya iya tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a duk daƙiƙa ɗaya. Kenan daga lokacin da direba ya hango yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai kan birki, wato kamar daƙiƙa ɗaya, ya riga ya ci mita 14, kafin motar ta tsaya cak kuma ta ci kamar mita 28 gaba ɗaya, wannan ma in birki da taya lafiya lau suke. Wanda ke gudun 30 kuwa a mita 13 ya tsaya. Kaga a daidai wurin da mai gudun 30 ya riga ya tsaya, mai gudun 50 ko birkin bai fara kamawa ba. Shi ya sa a taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 aka yi matsaya cewa duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa, gudu kar ya wuce 30. Dokar hanya ta Najeriya ta ce 50 a cikin gari, amma wannan iyaka ce ta sama, ba wai a layin da yara ke wasa zaka yi ta ba.

Mataki na farko: ka taka layin da ƙafarka, ka rubuta abin da ka gani

Kar ka fara da kiran taro, fara da kallo. Ɗauki littafi da biro ka zagaya layinku a lokuta daban daban, don layin ƙarfe 11 na safe ba shi ne layin ƙarfe 7 da rabi ba lokacin da ake rige rigen kai yara makaranta, ba kuma shi ne na bayan la'asar ba da 'yan islamiyya ke tashi, ko na bayan isha'i da aka ɗauke wuta. Ranar Juma'a ma daban take. Ka lura ina ne mutane ke tsallakawa da kansu (galibi gaban masallaci, shagon kayan masarufi, famfon unguwa, wurin mai ƙosai da injin markaɗe), ina ne mai tafiya a ƙasa ke sauka tsakiyar kwalta dole saboda an tare gefe, wane lungu ne yaro ke fitowa daga cikinsa ba a ganinsa sai ya riga ya hau titi.

In ka zo bakin irin wannan lungun ka ɗan durƙusa daidai tsayin yaro ɗan shekara 5 ka duba hagu da dama. Motar Alhaji da aka faka a bakin lungun, wadda kai kana hango titi ta samanta, shi yaron ta rufe masa komai, shi ma direban da ke tahowa ba ya ganinsa. Wannan durƙuson kaɗai zai nuna maka rabin aikin.

Gudu kuma ana iya aunawa ba sai da na'ura ba. Ku samu tef ɗin awo na magina ku auna mita 50 a miƙaƙƙen wuri, ku yi alama da fenti ko gawayi a farko da ƙarshe, mutum ɗaya ya tsaya da agogon waya mai ƙirga daƙiƙa. Abin hawan da ya cinye wurin a daƙiƙa 6 yana gudun 30 kenan, daƙiƙa 4 da rabi gudun 40, in kuwa ƙasa da daƙiƙa 4 ne to ya kusa 50 ko ya wuce. Ku auna guda 30 ko 40 ku rubuta, motoci daban, adaidaita daban, babura daban. Sannan ku tambayi tsofaffin unguwa da mai kyamis ɗin layin wa da wa aka taɓa bugewa, a ina, da wane lokaci. Zaka ga kusan duk a wuri biyu ko uku ne abin ke maimaituwa.

Mataki na biyu: haɗa kan mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan aikin in ka yi shi kai kaɗai sai a ce kana da wata manufa. Fara da mai unguwa, ka je da mutum biyu ko uku masu mutunci, ka kai masa takardar da kuka rubuta. Magana a taƙaice: "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan maganar gudun da ake yi a layin nan, ga abin da muka auna, ga wuraren da aka taɓa buge yara, muna neman ka shige mana gaba." Daga nan sai liman, "Allah gafarta Malam, muna roƙon a ɗan ja hankalin jama'a bayan sallah." Malamai suna da abin faɗa sosai a nan, akwai hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa masu zama a bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, cikin haƙƙin har da kamewa daga cutarwa, akwai kuma wanda ya nuna kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani.

Kar ku manta da mata dan Allah. Su ne suka san ƙarfe nawa ake aiken yara da inda ake aikensu, su ne ke tafe da goyo a baya da wani a hannu, in akwai islamiyyar matan aure a unguwar a kai maganar can. Haka masu adaidaita da ke kwana a unguwar, a kira su a matsayin 'yan unguwa ba masu laifi ba, su ma suna da 'ya'ya a layin kuma maganarsu ta fi shiga kunnen abokan sana'arsu. Sai shugaban makaranta, 'yan sintiri, kansila. A fitar da kwamiti ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai ya isa, a buɗe guruf ɗin WhatsApp, duk kuɗin da aka tara a dinga sanar da shi a fili ko naira ɗari ce, don rigimar kuɗi ce ke kashe yawancin ƙungiyoyin unguwa.

Mataki na uku: a ƙwato gefen hanya

Wannan shi ne mafi arha a kuɗi kuma mafi wahala a zumunci, don masu tare hanyar mu ne da kanmu. Mai gini ya sa tifa ta juye yashi da tsakuwa har rabin titi ya bar su wata da watanni. Mai shago ya fito da rumfa da firiza da buhunan gawayi har bakin kwalta. Bakanike ya jera matattun motoci da suka shekara ba a taɓa su ba. Mai gida ya yi dakali da gangaren shiga gareji ya haɗiye wurin tafiya gaba ɗaya. Kowanne cikin waɗannan yana tura tsohuwa mai sanda da yaro mai jakar makaranta tsakiyar titi, inda adaidaita ke jiransu.

Ku sa ƙa'ida mai sauƙi da kowa zai gane: aƙalla gefe ɗaya na layin a bar fili kamar mita ɗaya da rabi daga farko har ƙarshe, yadda mutum biyu zasu wuce juna ko mai keken guragu ya wuce. Mai gini a ba shi wa'adi, sati ɗaya ko biyu ya shigar da kayansa ciki. Mai shayi da mai ƙosai kar a kore su, abincinsu ne, kuma zamansu da dare ma tsaro ne ga layin, a dai roƙe su su ja benci baya. Bakin lungu da kwana kuwa ba fakin sam, a bar tsawon mota biyu kowane ɓangare, in da hali a shafa fenti a dasa ƙananan turaku na kankare don kar a dinga gardama kullum.

Kwata a buɗe ita ma babbar matsala ce. In an rufe ta da silab ta zama wurin tafiya kyauta, in an bar ta a buɗe ta zama rami, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta kwata ta cika ta haɗe da titi ba mai gane ina ne bakinta. Kafin damina a yi aikin gayya a yashe, kuma ƙasar da aka kwaso kar a tara ta a gefen titi a tafi, wannan ma tare hanya ne, a nemi mota ta kwashe. Silab ɗin da ya karye a canza shi, a fara da gaban makaranta da masallaci.

Maganar biki da zaman makoki da ake kafa rumfa a rufe layi, ba zamu hana ba, amma mai taro ya sanar da kwamiti, a sa matasa biyu a bakin layi suna nuna wa ababen hawa inda zasu bi, don duk motocin da aka karkatar ƙaramin lungu suke faɗawa inda ba a saba da su ba.

Mataki na huɗu: rage gudu, a yi bamp amma a yi shi daidai

Allon da aka rubuta "rage gudu" ba ya rage gudun kowa, abin da direba ke ji a ƙarƙashin tayarsa shi ne ke sa shi ɗaga ƙafa. Toh amma yadda muke yin bamp a unguwanni akwai gyara sosai. Ana buge yaro yau, gobe matasa cikin fushi su kwaɓa siminti su ja wani siriri mai tsini kamar kunyar gona, ko su jefa gungumen itace ko tsohuwar taya, ba fenti ba alama. Da dare mai babur da bai san layin ba ya zo ya yi tsalle da matarsa a baya, mai naƙuda a adaidaita ta sha wuya, ƙananan motoci na kartar ciki, ƙarshe wani ya zo da diga cikin dare ya fasa, an koma gidan jiya an kuma ƙara gaba.

Bamp na ƙa'ida faɗi gare shi ba tsini ba. Tsayinsa inci 3 zuwa 4 ne kawai, wato santimita 7 da rabi zuwa 10, amma tsawonsa ta yadda mota ke tafiya ya kai ƙafa 12, kusan mita 3.7, yana hawa a hankali yana sauka a hankali. Irin wannan mai gudun 20 zuwa 25 zai wuce lafiya ba abin da zai ji, mai gudun 50 kuwa sai ya ji a jikinsa. Ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe, a bar 'yar siririyar hanyar ruwa kawai a bakin kwata, in kuka bar fili mai faɗi masu babur nan zasu dinga kutsawa, daidai inda mutane ke tafiya. A shafa masa fenti fari ko ruwan ɗorawa da baƙi, a sa allo kafin a iso shi, a yi shi inda akwai haske. Kar a yi shi cikin kwana ko kan gangara mai ƙarfi ko daidai ƙofar garejin wani. Kuma guda ɗaya a dogon layi ba ya wadatarwa, direba na wuce shi zai sake taka wuta, a jera su tsakaninsu kamar mita 70 zuwa 100. A gaban makaranta in da kuɗi a yi mai shimfiɗaɗɗen sama a zana layukan zebra a kansa, ya zama bamp kuma wurin tsallakawa a lokaci guda.

Kafin a taɓa kwalta a nemi izini, titi na gwamnati ne. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da kwamiti, ku haɗa da awon gudun da kuka yi da hotuna, ku kai sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ta hannun kansila, ku ba KAROTA kwafi, ita ce ke kula da zirga zirga a jihar tun 2012, in titin na jiha ne kuma sai ma'aikatar ayyuka da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Duk ofis ɗin da kuka kai ku riƙe kwafi ɗaya a buga muku hatimi a kai da kwanan wata, da shi zaku dinga bibiya. Ku roƙi a turo injiniya ya nuna wuri ko da ku ne zaku sayi siminti. Babban titi irin su titin Zariya ko na Katsina ko Zoo Road kuwa ba hurumin 'yan unguwa ba ne, can sai dai a matsa wa hukuma ta yi danja ko gadar tsallakawa, inda kuma aka riga aka yi gadar to a hau ta, a daina haura shingen tsakiyar titi da yaro a hannu.

Mataki na biyar: ƙofar makaranta da islamiyya

Minti goma sha biyar na tashi su ne mafi hatsari a duk yinin, yara ɗaruruwa su fito lokaci ɗaya da gudu da ihu, masu ɗaukar yara sun cushe ƙofa, masu alawa da aiskirim a tsallaken titi. In makarantar na da ƙofa ta cikin lungu a koma tashi ta nan. A dinga sallamar aji aji, ƙanana da farko. Masu sayar da kayan yara a dawo da su ɓangaren makarantar don kar yaro ya tsallaka saboda alawar naira hamsin. Adaidaitar da ke kwasar yara ta tsaya nesa da ƙofa kaɗan, ta sauke su ta ɓangaren gefen hanya ba ta ɓangaren titi ba. Sannan babba ɗaya, malami ko maigadi ko ɗan sintiri, ya sa riga mai ƙyalli ya riƙe jan ƙyalle ya dinga tsayar da ababen hawa yana tsallakar da su rukuni rukuni, iyaye su haɗa masa ɗan abin sabulu a wata. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da tsarin kulob na kiyaye haɗurra a makarantu da kuma 'yan sa kai da ke taya ta aiki, shugaban makaranta ya rubuta musu ya nemi su zo su koyar.

Almajirai ma yaran unguwa ne, su ne ma suka fi kowa yawo a titi da magariba da bayan isha'i. A je a gaida malaminsu a saka shi cikin maganar.

Mataki na shida: haske

Kowane gida ya sa ƙwai ɗaya a waje, in an iya a haɗa kuɗi a sayi fitilun sola a ɗaura a mahaɗa da kan bamp da gaban masallaci. Mai fita da dare ya kunna tocilar wayarsa, musamman mata masu baƙin hijabi da dattawa masu zuwa sallar asuba, don kai kana ganin fitilar mota daga nesa sai ka ɗauka shi ma direban yana ganinka, alhali bai gan ka ba. Irin tef mai ƙyalli da ake liƙa wa manyan motoci ana yankawa a liƙa a jakar makaranta da kurar 'yan garuwa. Lokacin hunturu da hazo ke sauka a ƙara kula da safe.

Mataki na bakwai: abin da zaka koya wa yaro, kai ma ka riƙe

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da ta fi kusa da kai in zaka tsallaka daga hagunka take zuwa. Tsaya a bakin titi, duba hagu, duba dama, sake duba hagu, saurara, sannan ka tsallaka a miƙe da tafiya ba gudu ba. A layukanmu kuma dole ka duba duka ɓangarorin ko da titin hanya ɗaya ne, saboda masu bin wanwe. Inda babu wurin tafiya ka bi gefen hagu kana fuskantar abin hawan da ke tahowa, kar ka ba shi baya. In ka sauka daga adaidaita ka bari ta wuce tukuna, kar ka zagaya ta gabanta. Waya da abin kunne a cire har sai an tsallaka.

Wannan ba a ɗaki ake koyar da shi ba, ki riƙo shi ku fita bakin titi, ki ce "Abba, kai zaka faɗa min yaushe zamu tsallaka," in ya yi daidai ki yaba masa in ya yi kuskure ki nuna masa motar da bai gani ba, a yi ta maimaitawa. Ƙaramin yaro a wuyan hannu ake riƙe shi ba a yatsu ba don kar ya fizge, kuma babba ne zai kasance ta ɓangaren titi. Yaron da bai kai shekara 9 ko 10 ba bai iya kintata saurin mota ba komai wayonsa, don haka aiken da sai an tsallaka titi ba nasa ba ne, haka ba a ba 'yar shekara 7 riƙon ɗan shekara 3 a ce su je su dawo. Na san gidaje da yawa ba yadda zasu yi, ba babba a kusa, toh ko maƙwabta ne a haɗa aike, yaro babba ɗaya ya sayo wa gida uku.

Mataki na takwas: direbobin cikin gida

Da yawan masu gudu a layi ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Doka ta ce sai shekara 18 ake ba da lasin, uban da ya miƙa wa ɗan shekara 13 makullin mota ko babur ya sani duk abin da ya faru da hannunsa a ciki. Koyon mota a fili ake yi ba a layi ba. Kafin ka yi ribas daga gareji ka zagaya motar da ƙafarka ka leƙa ƙarƙashi, yara masu rarrafe da masu ɓuya a bayan mota madubi ba ya nuna su, in da mutum a kusa ka ce ya tsaya maka. Rakiyar amarya da ake jera motoci ana wasa da sitiyari, da kilisar dawakai a cikin lungu, mai unguwa ya yi magana da masu bikin tun kafin ranar. Da azumi kuma minti ashirin ɗin nan na kafin shan ruwa kowa na sauri, daidai lokacin da ake aiken yara kai kunu da ƙosai maƙwabta, a dinga aikensu da wuri. Tifa da tankar ruwa da ke ratsa layi a yi magana da masu su, su kauce wa lokacin tafiya makaranta da tashi.

In kuma abin ya riga ya faru

Allah ya kiyaye, amma a san abin yi. Mutum biyu su tare hanya ta kowane ɓangare don kar wani ya ƙara hawa. A kira 122, layin gaggawa na FRSC, ko 112. Kar a finciko wanda aka buge a miƙar da shi tsaye, kar a ɗura masa ruwa, in yana kukan wuya ko baya ko ba ya jin ƙafafunsa a riƙe kansa daidai da jikinsa kar ya motsa. Jini a danne shi da ƙyalle mai tsafta da ƙarfi, ba a zuba fetur ko man birki ko ƙasa a ciwo. In ya suma amma yana numfashi a juya shi gefe a hankali, kai da jiki tare, don kar amai ya shaƙe shi. In dole ku ne zaku kai shi, a ɗora shi kan faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa mutum uku ko huɗu su ɗaga tare, a nemi motar da zai kwanta a miƙe, kar a naɗe shi a kujerar adaidaita. Masu ɗaukar bidiyo su ji tsoron Allah su ajiye waya su taimaka.

A cikin Kano akwai sashen gaggawa na asibitin Murtala, da asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, a san da wannan. Karaya a fara zuwa a ɗauki hoto kafin a yi maganar mai ɗori, musamman in ƙashi ya fasa fata ko a gaɓa ne. Yaron da ya bugu a kai ya tashi ya ce ba komai shi ma a kai shi a duba, in daga baya ya fara amai ko yawan barci ko rikicewa a koma asibiti a daren, kar a jira safiya.

Direba kuma kar a dake shi, kar a ƙona masa abin hawa. Tsoron dukan nan ne ke sa wasu su gudu su bar mutum kwance, alhali motarsu ce mafi kusa da zata kai shi asibiti. A rubuta lambar abin hawan, dattawa su riƙe shi, a sanar da 'yan sanda. Bayan kwana biyu kwamiti ya koma daidai wurin ya duba me ya jawo, fakin ne ya rufe gani, fentin bamp ne ya goge, fitila ce ta mutu, a gyara a satin. Ko ba abin da ya faru, duk bayan wata uku a sake fitowa da tef da agogo a auna gudun a gwada da na farko, fenti kuma a sabunta shi da zarar damina ta wuce.